Tallafin karatu na 'ya'yan manoman alkama: kada ka taɓa kuɗin takin Baba

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare, a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Auyo ta Jihar Jigawa. Ni ne babba a gidanmu, mu takwas ne. Mahaifina manomi ne, shinkafa da damina, alkama da rani, kuma tun ina firamare nake bin sa gona. Yanzu ni ke kula da injin ban-ruwa, in ya ƙi tashi ni ke kwance shi in gyara. Burina in karanta aikin gona a jami'a. Da na yi wa Baba maganar sai ya ce, "In ka samu mai biya maka, Allah ya ba da sa'a, ni dai ka san ƙarfina." Kwanan baya wani mutum da ke cike wa mutane takardu a intanet ya nuna mini wata sanarwa a wayarsa, da hoton gonar alkama, ya ce sikolashif ne na Amurka da aka ware wa 'ya'yan manoman alkama masu gama sakandare. Ya ce in kawo naira 30,000, kuɗin fom da na tantancewa, kafin ƙarshen wata. Ina da 11,000 da na tara a ƙwadago. Baba kuma ya ba ni ajiyar kuɗin yuriya na zubin taki na biyu. Zuciyata tana raya mini in cika daga ciki, in mayar bayan girbi. Malam, da gaske akwai irin wannan tallafi? In kuma babu, ina ɗan manomi irina zai dosa?

Ɗanka daga Auyo

Wa'alaikumus salam, ɗana. Kafin komai, kada ka taɓa kuɗin takin nan, ko naira ɗaya. Ka fi ni sanin abin da ke faruwa da alkamar da ta rasa yuriya a lokacin da take fitar da 'ya'ya: ganye ya ɗashe, zangarniya ta fito 'yar mitsitsiya, buhunan da aka sa rai su ragu, kuma babu takin da za a zuba daga baya ya rama. Ka ce za ka mayar bayan girbi, to ai girbin ne kake shirin ragewa. Akwai kuma asarar da ta fi ta buhuna ciwo. Mutumin da ya ɗauki kuɗin taki ya damƙa a hannunka ya riga ya ɗauke ka babba, kuma wannan yardar ita ce jarin da za mu yi aiki da shi a sauran wannan amsa. In ka ɓarar da ita a watan nan, ba ni da wata shawara da za ta amfane ka.

Amsar tambayarka ta farko ita ce e, akwai irin wannan tallafi a Amurka, kuma shi ya sa yaudarar take shiga kunne, domin maƙaryaci mai wayo da gaskiya yake fara zance. A Jihar Kansas, wadda take cikin jihohin da suka fi noma alkama a can, manoman alkama suna da tallafin da suke bai wa masu gama sakandare, sun sa masa sunan Herb Clutter, manomin da ya zama shugaba na farko na ƙungiyar manoman alkama ta ƙasar a 1950. Sai dai sharaɗinsa a fili yake: ɗalibi ya zama ɗan Kansas, zai shiga kwaleji ko jami'a a cikin Kansas, kuma zai karanta fannin da ya shafi noma. Gidauniyar alkama ta ƙasar ma tana da nata, ga ɗaliban da ke karatu a jami'o'insu. Kuɗin kansa ba wanda zai ɗauki mutum daga Auyo ya kai shi Amurka ba ne, ƙari ne kawai ake yi wa yaro a kan abin da iyayensa da shi kansa suka tanada, ya sayi littattafai ya rage kuɗin makaranta. Babu jirgi a ciki, babu biza, babu masauki. Kuma ba a sayar da fom ɗinsa ga kowa. Saboda haka ko sanarwar da ka gani ta gaske ce, ba da kai take ba, naira 30,000 ɗin kuwa aljihun mai wayar za ta tsaya.

Ka riƙe wannan a matsayin ma'auni har ka gama karatu: mai ba da tallafi na gaskiya ba ya neman kuɗi a hannun wanda yake son taimaka wa. Da zarar ka ji kuɗin fom, kuɗin tantancewa, kuɗin riƙe gurbi, sannan aka haɗa da "yi sauri kafin a rufe", to ka ja da baya. Ba na cewa ka je ka yi rigima da mutumin, ƙila ma shi ma wani ne ya turo masa. Ka ce masa ka fasa, ka wuce. In kana da abokan aji da ya yi wa irin wannan tayin, ka faɗa musu abin da na faɗa maka.

Wani abu game da manoman can ya daɗe yana ci mini rai, bari in ɗan tsaya a kai. Ba gwamnati ce ta kafa musu wannan tallafi ba, su ne da kansu, ta hannun ƙungiyoyinsu da iyalan magabatansu. Mutane ne da suka saba haɗa ƙarfi: a Kansas ana cire santi 2, wato kashi 2 cikin 100 na dala ɗaya, a kan kowane ma'aunin alkama da manomi ya sayar, ma'aunin da ya kai kusan kilo 27, ana zuba shi a asusun bincike kan iri da neman kasuwa. Mu ma muna da ƙungiyar manoman alkama ta ƙasa da rassanta a jihohi, muna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a kusan kowane sashe na aikin ban-ruwa na kwarin Haɗeja da na Kadawa. Da kowane manomi zai zuba kwano ɗaya daga kowane buhu a asusun karatun 'ya'yan manoma, da ƙauyuka da yawa sun yaye masu digiri ba tare da sun roƙi kowa ba. Wannan magana ta iyayenku ce ba taka ba, na ajiye ta a nan ne don na san wasunsu suna karanta wannan fili.

Mu dawo kanka. Akwai abin da ba a cika faɗa wa 'yan sakandare ba, kuma rashin saninsa ne yake jefa su hannun 'yan damfara. A Najeriya kusan duk wani tallafin karatu na kirki bayan an shiga makaranta yake zuwa, ba kafin a shiga ba. Hukumar ba da tallafin karatu ta jiha takardar samun gurbi take tambaya. Ta tarayya tana neman wanda ya riga ya gama shekarar farko da sakamako mai kyau. Gidauniyar MTN, wadda ke tallafa wa ɗaliban kimiyya da fasaha, sai ɗalibi ya yi nisa a jami'a kuma makinsa ya kai 3.5 cikin 5 take duba shi. Har bashin karatu na gwamnatin tarayya sai da lambar ɗalibi ake nema. Ka ga ke nan maganar Baba ta "in ka samu mai biya" ta zo a juye. Mai biya ba ya zuwa gona neman yaro, a bakin aji yake tsayawa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Aikinka na bana shi ne ka kai kanka bakin ajin nan, da kuɗin da zai riƙe ka shekarar farko.

Naira 11,000 ɗin da ka tara, ga inda za ta yi aiki. Hukumar JAMB takan buɗe rajista tsakanin Janairu da Maris, a yi jarrabawar wajen Afrilu. A 2025 kuɗin rajistar duka, har da na jarrabawar gwaji, bai kai naira 10,000 ba. Wato a wannan lissafi guminka na ƙwadago ya isa ya saya maka ƙofar gaske, maimakon ya zama kafin alƙalami na ƙofar da babu ita. Ka lura kuma da yadda lokacin ya faɗo: ana rufe rajista alkama tana tsaye a gona, aljihun kowane manomi a bushe. Yara da yawa a yankinku ba faɗuwa suke yi ba, rajistar ce take wuce su saboda ana jiran girbi. Kada ka jira.

Kafin ka je cibiyar rajista, ka zauna da takardunka ka duba su harafi bayan harafi. Lambar NIN dole ce. Sunan da ke kanta, da jerin sunayen, da ranar haihuwa, su zama daidai da abin da makaranta ta tura wa WAEC ko NECO. Na ga yaron da ya ci jarrabawa da kyau ya yi watanni yana zirga-zirga saboda a takarda ɗaya shi Muhammad ne, a ɗaya Mohammed, a ta uku kuma an sa sunan ƙauyensu a matsayin sunan mahaifi. Gyara irin wannan yanzu ya fi sauƙi da araha a kan lokacin da ake tantance masu gurbi. Ka karɓi takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma tun da wuri, ka yi mata kwafi da yawa, domin kusan duk tallafin da za ka nema nan gaba sai an tambaye ta. Layin wayar da za ka yi rajista da shi ya zama naka, ba na mai shago ba, kuma ka adana shi kamar yadda Baba ke adana takardar gona.

Ga mai son aikin gona, darussan JAMB su ne Ingilishi, Kemistiri, Bayoloji ko Aikin Gona, sai Fizik ko Lissafi. A WAEC ko NECO kuma kana buƙatar kiredit biyar da suka haɗa da Ingilishi da Lissafi da Kemistiri. Tun da ka ce hannunka ya faɗa da inji, ka duba fannin injiniyan aikin gona ma, sai dai shi Lissafi da Fizik da Kemistiri yake nema tare da Ingilishi, kuma zaɓin darussan a lokacin rajista ake yinsa, don haka ka yanke shawara kafin ka zauna gaban mai cike fom. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, a kwamfuta. Wannan kwamfutar ta kayar da 'yan ƙauye masu ƙwaƙwalwa da yawa, ba don tambayoyin sun fi ƙarfinsu ba, sai don ranar ce suka fara zama gabanta, hannu na rawa lokaci na tafiya. Ka biya na jarrabawar gwaji, ka nemi inda za ka riƙa taɓa kwamfuta ko sau ɗaya a mako. Haruffa kaɗan ne ake dannawa, wanda ya iya kwance kabireta ba za su gagare shi ba.

Sai wata matsala da na tabbata ka hango ta. Afrilu lokacin yanka da sussuka ne, kuma kai ne babba. Ranar da za ka fi buƙatar littafi ita ce ranar da gona za ta fi buƙatar ka. Ba a warware wannan da ɓuya a ɗaki ana nemanka a masussuka. Tun yanzu ake maganarsa, kuma wannan ya kawo ni ga zaman da nake so ka yi da Baba.

Ban ji ƙiyayya da karatu a maganarsa ba. Na ji mutumin da ya yi lissafi a zuci, ya ga kuɗin iri, taki, fetur, leburori, bakuna goma a gida, ya ji tsoron ya yi maka alkawarin da zai kasa cikawa. Akwai kuma abin da bai faɗa ba: in ka tafi, wa zai tayar da injin? Saboda haka kada ka je masa da "ina son tafiya jami'a", ya riga ya ji wannan. Ka je masa da lissafi, irin wanda manomi ke ganewa. Ka nemi lokacin da hankalinsa yake kwance, bayan isha'i, ko a bakin gona in an sako ruwa ana jira fangali ya cika. Ka fara da mayar masa da ajiyarsa cif, ka ba shi labarin mutumin nan da abin da zuciyarka ta raya maka, da yadda ka fasa. Na san da nauyi, amma uban da ya ji haka daga bakin ɗansa ya san ya haifi wanda za a iya tura shi nesa. In kana jin nauyin farawa, ka sa Inna ta share maka hanya, ko wani baffa da Baba ke jin maganarsa.

Abin da za ka roƙa kuma ba baƙon abu ba ne a gidan Bahaushe. Gayauna za ka roƙa. Tun kaka da kakanni, saurayin da ke aikin gandu yana da ɗan yankin da ake yanka masa, ya noma a ranakunsa, amfanin nasa ne, da shi yake ɗinka riga ya tara na aure. Kai taka gayaunar ta karatu ce. Bana shuka ta riga ta wuce, don haka ka roƙi a ware maka buhuna daga girbin nan, ko biyu ko uku gwargwadon abin da Allah ya bayar, a rubuta sunanka a jiki, kowa a gida ya san ba na ci ba ne, ba na biki ba ne. Da damina a yanka maka ɗan fili na shinkafa, da kaka in sanyi ya shigo tsakiyar Nuwamba a yanka maka na alkama. Wannan shi ne tallafin 'ya'yan manoman alkama da na tabbata kana da haƙƙi a cikinsa, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A madadin haka ka yi wa Baba alkawari biyu: za ka koya wa ƙanenka injin kafin ka tafi, har ya iya shi ba tare da kai ba, kuma duk hutu a gona za a gan ka. Shi kuma ya sassauta maka aikin yamma daga yanzu zuwa ranar jarrabawa.

Buhunan nan kada a sayar da su ranar sussuka, lokacin da kowa ke kai tasa kasuwar Haɗeja ko Gujungu kuma dillalai ke yanka farashi yadda suka so. Jami'o'i ba sa kiran sababbin ɗalibai sai watanni bayan jarrabawa, wani lokaci har ƙarshen shekara. Alkamar da ta bushe sosai tana jure ajiya, musamman a buhun nan mai leda biyu a ciki da ke hana ƙwari numfashi. Ba na yi maka alkawarin farashi zai tashi, domin ba kullum yake tashi ba. A 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da alkama da wasu hatsi na wani lokaci, kuma irin wannan mataki yakan taɓa farashin na gida. Dalilina na ajiya ya fi ƙarfin riba. Kuɗi a gidan mutum goma ba ya kwana, yau asibiti gobe suna, buhu kuwa sai an yi shawara kafin a kwance bakinsa.

Wajen zaɓen makaranta, ka bar zuciya ta huta ka sa lissafi. Abin da ke cinye ɗalibi talaka ba kuɗin rajista kaɗai ba ne, har da mota da haya da abinci. Jami'ar Sule Lamido tana nan Kafin Hausa, maƙwabtanku. Jami'ar Tarayya ta Dutse tana da tsangayar aikin gona. A Kano akwai Jami'ar Bayero, wadda ke da cibiya ta musamman kan noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, da kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil. Jami'ar Ahmadu Bello kuwa ita ke da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, mai tashar gwajin noman rani a Kadawa. Makarantar da za a iya aiko maka da garin tuwo da taliya a motar kasuwa ta fi wadda sai an sayar da akuya kafin ka zo hutu. Ka sani kuma tsarin ba da gurbi a jami'o'in tarayya yana ware kaso ga 'yan yankin da jami'a take da kuma jihohin da aka lissafa a masu ƙarancin ci gaban ilimi, Jigawa tana cikinsu, sannan aikin gona ba ya da cunkoso irin na likitanci ko lauya. Damarka ta fi yadda kake zato. Digirin shekara biyar ne, ɗaya daga ciki a gona ake yinta, kuma a wannan shekarar kai ne za ka riƙa nuna wa 'yan birni yadda ake riƙe fartanya.

In makin bai kai ba, ko buhunan ba su kai ba, kada ka ɗauka an rufe littafi. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja asalinta kwalejin aikin gona ce. Difloma shekara biyu ce, kana iya yinta kusa da gida da gayaunarka, in ka fita da sakamako mai kyau ka shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Malaman jami'a da yawa ta wannan hanya suka bi.

Ranar da ka samu gurbi ka yi rajista, a nan ne neman tallafi na gaske zai fara. Ka fara da hukumar tallafin karatu ta Jihar Jigawa a Dutse, haƙƙinka ne a matsayin ɗan jiha, sai dai kuɗinta ƙari ne, kuma ba lallai ya zo a ranar da kake buƙatarsa ba, don haka kada ka gina rajistarka a kansa. Sai asusun bashin karatu na NELFUND, wanda aka sa hannu a sabuwar dokarsa a Afrilun 2024, aka buɗe karɓar buƙatu a watan Mayu na shekarar. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar gwamnati, jami'a ce ko kwaleji, wanda ya nema kuma ana ba shi naira 20,000 a wata ta ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa a kansa, abin da na san Baba zai fara tambaya ke nan, kuma biya yana farawa ne shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Da lambar JAMB da NIN da BVN ake nema, a shafin asusun, kyauta, da hannunka. Amma bashi ne, ba kyauta ba, ranar biya tana nan tafe. Ra'ayina shi ne ka karɓi na kuɗin makaranta in buƙata ta kama, na ɗawainiya kuma ka auna shi da abin da gayaunarka ke kawowa kafin ka sa hannu.

Daga nan komai ya koma kan sakamakon shekarar farko. Yawancin ɗalibai suna ɗaukar aji ɗaya lokacin sabo da gari, sai sun kai aji uku su farga cewa makin da suka zubar a farko shi ya hana su shiga layin tallafin tarayya da na kamfanoni. Kai ba ka da wannan sararin. Zangon farko ka ɗauke shi kamar makon shuka, wanda in ya wuce zafin Maris ne zai tarar da alkama tana zuba ido.

Ban manta da mafarkin waje ba, kuma ba zan ce ka binne shi ba. Tsohuwar hanyar gwamnatin tarayya ta tura ɗalibai ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hangari an sanar da dakatar da ita a 2025. Amma akwai shirin gidauniyar Mastercard, wanda tun 2012 yake ɗaukar nauyin 'yan Afirka masu hazaƙa daga gidajen da ba su da hali, ta hannun jami'o'in da yake hulɗa da su, irin su Ashesi da jami'ar Kwame Nkrumah a Gana. Cikinsu akwai wadda ta dace da irinka sosai, jami'ar EARTH a ƙasar Kosta Rika, wadda aikin gona kaɗai take koyarwa, shekara huɗu, da harshen Sifaniyanci, kuma tana neman 'ya'yan karkara da suka san gona da hannunsu. Ana nema ne kai tsaye a shafin jami'ar, ba ta hannun dillali ba. Gasar tana da zafi ƙwarai, saboda haka ka nema in sakamakonka ya fito da kyau, amma kada ka fasa rajistar gida kana jiran ta.

A irin wannan nema ana cewa ɗalibi ya rubuta labarin kansa, kuma a nan 'ya'yan manoma suke cutar kansu. Sai yaro ya ɓoye gonar, ya ari kalaman da ya gani a intanet, yana jin kunyar ya ce ubansa manomi ne. Kai kana da abin da ba a saya. Ka san yadda kacalla ke toshe magudanar ruwa, ka san abin da tsuntsun jan-baki ke yi wa gona a yini ɗaya, ka san bambancin alkamar da aka shuka a kan kari da wadda aka makara. Ƙasar nan fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da take ci daga waje ake shigo da ita, alhali ga ruwan Tiga da Challawa yana bi ta ƙofar gidanku. Ka sayi ɗan littafi na naira ɗari biyu ka fara rubuta ranar shuka, irin da aka shuka, sau nawa aka yi ban-ruwa, litar fetur nawa, taki nawa, buhu nawa aka samu. Shekara biyu na wannan rubutu ya fi kowace takardar yabo nauyi a gaban masu tantancewa, kuma zai amfani Baba tun kafin ya amfane ka.

Ka tambayi Baba ko ya taɓa shuka irin da ake kira Norman, cikin waɗanda cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar wa manoma. Sunan Norman Borlaug ne, ɗan manomi daga wani ƙauye a Jihar Iowa ta Amurka, wanda ya faɗi jarrabawar shiga jami'a a karon farko, ya yi karatu yana haɗawa da ƙwadago, daga baya ya yi shekaru a gonakin gwaji na Meziko yana inganta irin alkama har aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Ka ba Baba wannan labarin a zaman naku, ina jin zai so shi.

Gobe da safe ka je ka sayo yuriyar nan, ko ka miƙa wa Baba kuɗinsa. Cikin makon nan ka duba NIN ɗinka da shugaban makarantarku. In sakamakon JAMB ya fito ka sake rubuto mini, ka faɗa mini makin da ka samu da buhu nawa aka ware maka, sai mu zauna a kan zaɓen makaranta. Ka gaishe mini da Baba da Inna, Allah ya sa alkamar bana ta yi auki.